Faifan Inna Ya Ƙi Buɗewa

Bulo ɗaya ne ya raba ɗakin aikin Mai Gyara da falon Baba Rajista, ga kuma wata kafa can sama inda aka taɓa zura wayar eriya, saboda haka duk abin da aka faɗa a can da ɗan ƙarfi sai ya iso nan. Ranar Laraba da hantsi, Mai Gyara ya buɗe bayan wata talabijin yana neman inda ta ƙone, sai ya ji muryar Mama, matar Rajista, ta tashi.

Cewa take wannan faifan shi ne na goma sha huɗu, ta ƙirga. Na farko-farkon ta mai da su abin ɗora kofin shayi, na bayansu ta rataye a tagar kicin suna korar tsuntsaye, yanzu kuma ba ta san inda za ta kai sauran ba. Rajista ya ce goma sha uku ne, don ɗaya bai kai ga shiga na'ura ba, faɗuwa ya yi. Ta ce ko faɗuwa ya yi ko tashi sama, shi ma dai yana tagar.

"Gata fa Asabar," in ji ta. "Ƙanenka zai zo. Ka miƙa masa katunan kyamarar nan ya kai wa masu aikin, mu huta."

"Babu inda kati zai je."

"To faifan ya yi mana."

"Na'urar ce ba ta da kirki."

"Jiya kwamfuta ce, shekaranjiya mai shago ne. Gobe ni ce."

Sai ƙarar ƙofa, sai jan takalmi. Mai Gyara ya ajiye ƙarfen dalmarsa ya rufe ido. Ya san abin da ke tafe. Idan lafiya lau ake, "maƙwabci" Rajista ke kiransa. Idan an yi saɓani, "mai gyaran nan". Ranar da kuwa ya ji "Injiniya" daga bakin ƙofa, to aikin yinin nan ya tafi.

"Injiniya, kana ciki?"

Shekara talatin da uku Baba Rajista ya yi a ɗakin ajiyar fayil na wata ma'aikata, ɗaki marar taga mai kantocin ƙarfe har rufi, kuma daga nan sunan ya bi shi har ya danne na yanka. A zamaninsa takarda ba ta shiga sai da lamba, ba ta fita sai da sa hannu. Ana ba da labarin wani babban darakta da ya aiko a ba shi fayil da baki kawai, Rajista ya mayar da ɗan aiken ya ce a rubuto. Ba a taɓa ƙara masa girma yadda ya kamata ba, ba a kuma taɓa samun takardar da ta ɓata a hannunsa ba, kuma shi a ganinsa na biyun ya fi. Da ya yi ritaya sai ya kwaso ofishin ya kawo gida. Kowane makulli da 'yar takardarsa, kowace kwalbar magani da lambarta, sakamakon jarrabawar 'ya'yansa tun daga aji ɗaya na nan a ɗaure da jan zare. Mama kan ce ta tabbata ita ma tana da fayil a wani wuri, tsoron buɗewa kawai take.

A shekarar da ya bar aiki ya sayi kyamara, a shekarar kuma aka kawo masa mahaifiyarsu, Inna, ta zauna a gidansa, domin cikin su biyar shi ne wai ba shi da abin yi. Shekara tara ta yi a ɗakin kusa da falo, hankalinta na janyewa a hankali, shi kuwa yana ɗaukar ta a bidiyo: tana cin abinci, tana shan iska a tsakar gida, tana ba da labarin mutanen da suka daɗe da rasuwa kamar ɗazu suka fita. Da ta rasu bara, ya tara 'yan'uwansa ya sanar da su cewa kowane gida zai sami faifai guda, irin mai shuɗin cikin nan da ke fitar da hoto tangaran, wanda za a sa a na'urar falo a kalla a babbar talabijin. Autansu, wanda ake kira Manaja, ya ce ai da an tura wa kowa a waya an gama. Rajista ya ce abin da ba ka riƙe a hannu ka sa masa lamba ba, aro aka ba ka. Ya ɗibi wata uku. Yau wata goma sha ɗaya ke nan. Makon jiya Manaja ya bugo waya ya ce sun yi magana da sauran, ranar Asabar zai zo: ko ya tafi da faifai, ko ya tafi da katunan kyamarar gaba ɗaya ya ba ƙwararru.

Mai Gyara ya ɗauka girman kai ne kawai ke hana tsohon sakin katunan. Mutum ne da aka raba da ofishi ɗaya, ba zai yarda a raba shi da na biyu ba.

Wannan ne karo na huɗu da aka ja shi cikin maganar. Karon farko ya tarar Rajista ya jawo bidiyon ya jefa cikin faifai kamar mai zuba kaya a filas ɗin kwamfuta, na'urar falo kuwa ta dube shi ta ce ba ta san wannan ba. Sai da ya ɓata yini yana nuna masa cewa na'urar tana da nata tsarin, dole manhaja ta jera komai ɗaki-ɗaki yadda ta saba gani. Abin ya burge Rajista, ya ce ashe ita ma 'yar ofis ce. Karo na biyu, yana bugawa da gudun ƙarshe don kada wuta ta ɗauke, faifan kuma na mutuwa a kashi casa'in da bakwai cikin ɗari. Aka rage gudu. Karo na uku kwamfutar ce ke yin barci a tsakiyar aiki, don ya saita ta ta riƙa hutawa duk bayan minti goma, wai kada ta gaji. Duk wannan an gyara. Ta kowace hanya da Mai Gyara ya sani, faifan nan ya kamata a ce ya daɗe da yi.

Ɗakin Inna ne ya koma wurin aikin. An fitar da gado, an shigo da tebur da kantar ƙarfe. Katunan kyamara na cikin ambulan-ambulan, kowace da shekararta. Akwai kuma wani dogon littafi inda aka rubuta mutuwar kowane faifai da ranarta da sa'arta. Rajista ya fara karanto masa daga na ɗaya.

"Baba, rufe littafin nan. Ka yi mini guda ɗaya a gabana, daga farko har ƙarshe. Ba zan taɓa komai ba."

Ya kuwa yi, tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Awa ɗaya da 'yan mintoci suna zaune suna kallon koren layi na rarrafe. Mama ta kawo shayi ta ajiye a kan faifai na shida, da gangan. Aiki ya kai ɗari bisa ɗari, faifan ya fito, aka mayar da shi cikin kwamfuta, hoto ya buɗe. Mai Gyara ya miƙe ya ce to a je falo.

Rajista ya ce a dakata. Ya ja aljihun tebur ya fito da kwali mai kauri irin na bangon fayil, ya yanki gutsure da almakashi, ya rubuta lamba da kwanan wata da sunan gidan da za a kai, ya shafa gam har yana tsiyaya, ya manna a gefe ɗaya na faifan. Sannan ya ɗauko tsohon hatiminsa ya danna a kai da ƙarfin kafaɗa.

Mai Gyara ya koma ya zauna. Abin da ya fara zuwa bakinsa ba na faɗa wa dattijo ba ne, sai ya haɗiye shi.

"Duka haka kake yi musu?"

"Da yaya zan yi musu? In fitar da su tsirara?"

Mai Gyara ya yi masa bayani da muryar da yake yi wa masu kawo rediyon da suka wanke da ruwa. Faifan nan juyawa yake sau dubbai a minti ɗaya. In ka nauyaya masa gefe guda, rawa zai yi ta yi kamar fankar da fiffikenta ya lanƙwashe, idon na'urar kuma ba zai iya bin layi ba. A kwamfuta yana yi ne don kafin mannawa ake gwadawa. Rajista ya ce shekara talatin da uku bai taɓa sakin abu ba lamba ba. Mai Gyara ya ce a rubuta da maka, alƙalamin nan mai kaurin baki. Rajista ya ce rubutun maka rubutun buhu ne. Suka kai ruwa rana a kan wannan, har Mama ta leƙo ta ce in ba a buga wani yanzu ba, ita za ta manna musu kwalin a goshi su biyun.

Bayan azahar faifai na goma sha shida ya fito, ba kwali, ba hatimi. Aka sa shi a na'urar falo. Ta yi 'yar ƙara, ta yi shiru, sai ga Inna ta cika talabijin, tana zaune a kujerar roba a tsakar gida, ana ganin kowane layi na fuskarta har da zaren da ya fita a bakin mayafinta. Mama ta nemi hannun kujera ta zauna ba tare da ta duba ba.

Minti biyar na farko lafiya. Daga nan Mai Gyara ya lura bakin tsohuwar ya fara makara. Sai a ji maganar, sannan leɓe ya motsa. Da aka yi gaba, sai a ji tari, a jira, a jira, sannan ta yi tarin. Wajen minti arba'in ana jin ƙarar cokali a kwano alhali ita tana gyangyaɗi. Ya danna rimot ya tsallaka ƙarshe: minti goma sha ɗaya na ƙarshe babu sauti ko kaɗan, Inna na ta magana kamar a bayan gilashi.

"Na'urar ce," in ji Rajista.

Ya faɗa da wuri ƙwarai. Mai Gyara ya juya ya dube shi. Wanda abu ya zo wa ba zato yakan matso kusa da talabijin ne, shi kuwa tsohon baya ya ja, yana ta gyara zaman hularsa. Sai a lokacin Mai Gyara ya tuna cewa duk gwajin da aka yi a kwamfuta, da sauti a kashe aka yi shi.

Ya koma ɗakin ba tare da neman izini ba, ya buɗe aikin a manhaja. Layin hoto na sama lafiyayye ne, dogaye-dogayen guntaye a jere. Layin sauti na ƙasa kuwa kamar an bi shi da reza. Ya fara ƙirga yankan, ya wuce ɗari biyu ya bari. Kuma babu giɓi ko ɗaya. Duk inda aka cire wani abu, an jawo na gaba an haɗe shi da na baya, don haka sautin ya yi ta gajarcewa yana tsere wa hoton.

"Baba, me ya sa in ka yanke kake jawo na gaba?"

Rajista ya amsa daga bakin ƙofa, da muryar mai koyar da sabon ma'aikaci. Ya ce in an zare takarda daga fayil ba a barin gurbinta. Matso da na baya ake yi a sake lamba. Giɓi shi ne abu na farko da mai bincike ke gani.

"To me ka zare?"

"Hayaniya."

Mai Gyara ya kama bakin wani yanka da maus ya ja shi baya, ya ɗaga sauti. Tsohon ya ɗaga hannu, amma ya makara.

"Inna, don Allah ki zauna wuri ɗaya! Sau nawa zan faɗa miki? Kin sake zubarwa. Kin sake zubarwa!"

Muryar ba baƙuwa ba ce a wurin Mai Gyara. Shekara tara yana jin ta ta bango, safe da yamma, har ya daina jin ta kamar yadda ake daina jin ƙarar firji. Ya ja wani yankan: ita ce. Ya ja wani: ita ce dai, amma a nan ƙasa-ƙasa take, tana cewa buɗe baki, saura cokali ɗaya, yawwa. Wannan ma an cire. Mutumin bai tsaya tantancewa ba, duk inda ya ji kansa ya sa almakashi.

Ya kamata a ce tausayi ne ya kama Mai Gyara, amma haushi ne ya riga zuwa. Yini huɗu na aikinsa, talabijin ɗin mutane na jibge a ɗaki, masu su na masa kallon maƙaryaci, ashe ba na'ura ake gyarawa ba. Ya dubi kwalbar gam ɗin. A jikin kwalin da faifan ke zuwa a ciki an zana hoton takardar mannawa an ja mata layin hani, kuma Rajista mutum ne da ke karanta har rubutun jikin ashana. Muddin faifai bai buɗe ba, babu wanda zai ji komai. Muddin kuma ana kan aiki, katunan na nan a ambulan ɗinsu. Ko tsohon ya san abin da hannunsa ke yi, ko hannun ne ya yi masa wayo, Mai Gyara bai sani ba, bai kuma ga alamar shi mai hannun ya sani ba.

Ya ce hanya biyu ce. Ko a mayar da sautin asali yadda kyamara ta ɗauka, aikin minti biyar. Ko a bi yankan nan ɗaya bayan ɗaya a mayar da kowane guntu gurbinsa, a bar shiru a inda aka cire, aikin kwana biyu cur, in an yi sa'a a gama kafin Manaja ya yi fakin.

"A bar shirun."

"Giɓi fa ke nan, Baba."

"Na ji. A bar shi."

Mai Gyara ya ce to a gwada minti uku a gani. Ya gyara, ya kunna. Inna na riƙe da kofi, hannunta na rawa, ruwa ya zuba a cinyarta. Sai sauti ya ɗauke ɗif, har kukan tsuntsayen tsakar gida. A cikin shirun nan tsohuwar ta zabura, ta ɗago ido ta dubi kyamara, ta maƙale kafaɗa. Sauti ya dawo. "To, na bari," in ji ta. Shiru kuma. Ta sunkuyar da kai. "Yi haƙuri, Malam." A shekarun ƙarshe haka take kiransa, don ta manta ita ta haife shi.

Da muryar, faɗa ne irin na gida. Ba muryar, kowa zai cika gurbin da abin da ransa ya ba shi.

Mama ce ta yi magana daga bayan mijinta, da tire a hannu. Ta ce wanda duk ya ga wannan zai rantse dukan ta ake yi. Ta ce ita fa ta gaji. Wata goma sha ɗaya ana ɓoye abin da duk layin nan ya ji da kunnensa. Wa ake ɓoye wa? Manaja, da ke zuwa sau biyu a shekara da kwalin lemo, ya durƙusa ya ce sannu Inna, ya duba agogo?

"Mai minti ashirin ai dole muryarsa ta yi daɗi," ta ce. "Wa ya wanke ta? Wa ta tofa wa magani a fuska?"

"Ke, ba da ke ake ba."

"Da ni ake. Zanen gadon ni na wanke."

Rajista ya miƙa hannu ta saman kafaɗar Mai Gyara ya rufe kwamfutar. Ya ce an gode, mai gyaran nan zai iya tafiya. Mai Gyara ya ce dama tafiyar zai yi, yana da sana'a, kuma don Allah a nemi wani Injiniyan. A tsakar gida ya yi tuntuɓe da bokiti, ya ƙara jin haushi don babu wanda zai ɗora wa laifin.

Ranar Alhamis ba a yi faɗa a gidan ba. Abin da ya riƙa ratso bango tun daga hantsi har la'asar muryar Rajista ce ta cikin kwamfuta, ana kunna ta, a tsayar, a koma baya, a sake kunnawa. Ki zauna. Kin zubar. Buɗe baki. Mai Gyara ya ƙona yatsa sau biyu da ƙarfen dalma, ya kunna rediyo don ya danne, ya kashe don rediyon ta fi damunsa. Ya yi wa kansa alkawari ko da sunan Farfesa aka kira shi ba zai amsa ba.

Da safiyar Juma'a aka ƙwanƙwasa, ba a kira kowane suna ba. Ya buɗe. Rajista ne tsaye, ya sa rigar da yake zuwa ofis da ita, kwamfuta a hammata, sababbin faifai biyar a hannu. Idanunsa sun yi ja, amma haɓar nan a ɗage take kamar shi aka zo roƙo. Mai Gyara ya matsa gefe ya ce ya shigo. Bai shigo ba. Ya miƙa kayan daga inda yake, ya tsaya sai da ya ga an ajiye su a wuri mai tsabta. Ya juya zai tafi, ya yi taku biyu, ya dawo ya dafa ƙyauren.

"Ka mayar da muryar duka, kada ka rage ko tari," ya ce. "Amma na Manaja, ka ƙara mata ƙarfi. Kunnensa bai saba ba."